Antegiral Mai Iyaka Biyu A Matsayin Matuƙar Jimloli

Awon fili mai miƙaƙƙun gefuna abu ne da ɗan makarantar firamare ke iyawa: a ninka tsawo da faɗi, a sami girman filin. Idan mai kusurwa uku ne, sai a ɗauki rabin abin da aka samu. Kowane fili kuwa da miƙaƙƙun layuka suka kewaye, kome yawan lungunansa, ana iya yanyanka shi zuwa masu kusurwa uku, a auna su ɗaya bayan ɗaya. Wuyar tana farawa ne inda gefe ɗaya ya lanƙwashe, kamar gonar da ke bakin gulbi, wadda gaɓar ruwa ce ta shata mata iyaka. A nan igiyar awo ba ta da inda za ta kwanta daidai, kuma ita kanta tambayar ta sake: kafin a faɗi nawa ne girman filin, sai an faɗi abin da ake nufi da girman fili mai lanƙwasasshen gefe. Amsar da masana lissafi suka tsaya a kanta tun ƙarni na 19 ita ce ake koyarwa a ajin ƙarshe na lise da shekarar farko ta jami'a, da sunan antegiral mai iyaka biyu.

Akwai kalmomi uku da za su riƙa maimaituwa cikin wannan bayani. Ta farko ita ce fonkisiyon, watau ƙa'idar da ke ba kowane adadi x nasa adadin guda ɗaya tak, wanda ake rubutawa f(x). Idan aka zana ta a takarda, x yana tafiya bisa layin kwance, f(x) kuma shi ne tsayin da layin zanen ya kai daga bisa wannan wuri. Ta biyu ita ce iyaka, kuma an keɓe ta ga wurare biyu na layin kwance, a da b, inda awo ke farawa da inda yake tsayawa. Ta uku ita ce matuƙa, watau adadin da jerin wasu adadi ke matsowa gare shi har ratar da ke tsakaninsu ta gaza kowane ƙanƙanen adadin da aka ambata. Raba iyaka da matuƙa ya zama dole, zama abubuwa biyu ne dabam, kuma sukan haɗu cikin jimlar magana ɗaya. Iyaka mai awo ne ke zaɓenta tun farko. Matuƙa kuwa lissafi ne ke fitar da ita, wani lokaci ma ba a samunta sam.

Misali da lanƙwasar x²

A ɗauki f(x) = x², daga iyaka 0 zuwa iyaka 1. Layin zanen yana tashi daga ƙasa, da farko a hankali, sa'an nan da sauri, har ya kai tsayin 1. Abin da ake nema shi ne girman filin da ke tsakanin wannan layi da layin kwance. Tun kafin a yi wani lissafi an san bai kai rabi ba, domin lanƙwasar tana ƙarƙashin miƙaƙƙen layin da ya raba murabba'in gida biyu daga kusurwa zuwa kusurwa.

Sai a raba tazarar zuwa ziri goma, kowane faɗinsa 0,1. Saman kowane ziri a karkace yake, saboda haka ba ya aunuwa kai tsaye. Amma ana iya musanya shi da fili mai kusurwa huɗu wanda samansa ke a miƙe. Tsayin nasa fa? Idan aka ɗauki tsayin da ke gefen dama na kowane ziri, inda lanƙwasar ta fi bisa, kowane fili zai ɗan zarce na gaskiya. Tsayin su ne 0,01 da 0,04 da 0,09, haka har zuwa 1. A ninka kowane da 0,1 a tara, jimla ta zama 0,385. Idan kuwa aka ɗauki na gefen hagu, kowane fili zai ɗan gaza, jimla ta zama 0,285. Girman da ake nema yana tsakanin waɗannan biyu. Da ziri 100 jimlar bisa ta zama 0,33835, ta ƙasa 0,32835. Da ziri 1000 kuwa, 0,3338335 da 0,3328335.

Ido ya riga ya hangi inda abin ya dosa, amma hangen ido ba hujja ba ne. Hujjar tana cikin wata ƙa'ida da aka sani tun zamanin da, cewa 1² + 2² + … + n² daidai yake da n(n + 1)(2n + 1)/6. Da ziri n, kowane faɗinsa 1/n, jimlar bisa ita ce wannan adadi a raba da n³, kuma idan aka warware ta sai ta zama 1/3 + 1/(2n) + 1/(6n²). Jimlar ƙasa kuma 1/3 − 1/(2n) + 1/(6n²). Sulusin nan ba ya motsi kome yawan zirin da aka yanka, sauran gutsattsarin biyu kuwa ƙanƙancewa suke yi yayin da n ke ƙaruwa. Ratar da ke tsakanin jimlar bisa da ta ƙasa kullum 1/n ce. Wanda ya ce ba ya yarda da kuskuren da ya wuce ɗaya bisa dubu, a yanka masa ziri fiye da dubu. Wanda ya ce ɗaya bisa miliyan, a yanka fiye da miliyan. Adadi ɗaya ne kaɗai ke zama tsakanin jimlolin bisa duka da na ƙasa duka, shi ne 1/3.

Dalilin da ya sa ratar ta zama 1/n yana da sauƙin gani. Ɗan abin da kowane filin bisa ya fi na ƙasa da shi, idan aka turo su duka zuwa gefe ɗaya aka ɗora wani bisa wani, za su cika ziri guda ɗaya mai faɗin 1/n da tsayin 1. Niyuton ya kawo wannan hujja a farkon babban littafinsa na 1687 a kan motsin taurari, kuma tana aiki ga kowace lanƙwasa da ke hawa kawai ko gangara kawai.

Ma'anar kamar yadda ake bayar da ita

A ɗauki fonkisiyon f a tazarar da ke tsakanin a da b. A yanka tazarar da ɗigogi x₀, x₁, … , xₙ, na farko shi ne a, na ƙarshe shi ne b, kuma ba lalle ne faɗin zirin ya zama ɗaya ba. Cikin kowane ziri a zaɓi wuri ɗaya, ko a gefe ko a tsakiya, duk inda aka ga dama, a kira su c₁, c₂, … , cₙ. Sai a haɗa jimlar

S = f(c₁)(x₁ − x₀) + f(c₂)(x₂ − x₁) + … + f(cₙ)(xₙ − xₙ₋₁).

Ana cewa f tana da antegiral daga a zuwa b, kuma antegiral ɗin ita ce adadi I, idan wannan sharaɗi ya cika: kome ƙanƙantar kuskuren da aka ambata, muddin ya fi sifiri, akwai wani faɗi wanda duk yankan da zirinsa ba su kai wannan faɗi ba, da duk zaɓen wuraren da aka yi a cikinsu, jimlarsa S ba za ta nisanci I da abin da ya kai wannan kuskure ba. Ana rubuta I da alamar ∫, a ƙasanta a sa a, a bisanta a sa b, sai f(x) dx su biyo baya.

Mai karatu na iya ganin kamar an tsawaita magana ba dalili, amma kowace gaɓa tana toshe wata kafa. Abin da ake ƙanƙantawa shi ne faɗin zirin da ya fi kowane faɗi, domin yawan ziri shi kaɗai ba ya isa. A koma ga x²: a bar rabin tazarar, daga 1/2 zuwa 1, ziri guda da tsayin gefen dama, a yi ta yanyanka ɗaya rabin har abin da hali ya yi. Yawan zirin zai ƙaru ba iyaka, amma jimlar za ta doshi 1/24 + 1/2, watau 13/24, adadin da ya wuce rabin murabba'in, alhali an riga an san filin bai kai rabi ba.

Sharaɗin duk zaɓen wurare kuwa, wani misali da Dirishile ya kawo a 1829 shi ke nuna amfaninsa. A ɗauki fonkisiyon da ke ba da 1 idan x yana rubutuwa cikakken adadi bisa cikakken adadi, kamar 1/2 ko 7/9, ta ba da 0 idan ba ya rubutuwa haka, kamar √2/2. Kowane ziri, kome sirantarsa, yana ɗauke da adadi iri biyun. Mai yanka tazarar 0 zuwa 1 daidai wa daida yana ɗaukar gefen dama, kullum a kan iri na farko zai faɗa, jimlarsa kullum 1 ce, sai ya ce ya sami matuƙa. Wani kuma ya zaɓi iri na biyu a kowane ziri, jimlarsa kullum 0. Ba wanda ya yi kuskuren lissafi cikinsu. Fonkisiyon ɗin ce ba ta da antegiral bisa wannan ma'ana. Littattafan farko da yawa sukan tsaya ga yanka daidai wa daida da gefen dama, kuma ga fonkisiyon marar tsinkewa wannan ba ya kawo amsa ta ƙarya. Laifinsa ɗaya ne: ɗalibi na fita da zaton cewa kowace fonkisiyon tana da antegiral.

Akwai kuma tarko biyu da harshe ke ɗanawa, a Hausa da ma sauran harsuna. Idan aka ce antegiral jimla ce marar ƙarshe, an kauce, domin kowace jimla S tana da ƙarshe, ana iya yin ta da alƙalami. Jerin jimlolin ne ba ya ƙarewa, antegiral kuma adadi ɗaya ne da ke tsaye. Idan kuma aka ce jimla tana kusantar matuƙa amma ba ta taɓa kai wa, nan ma an ƙara abin da ba ya cikin ma'anar. A ɗauki f(x) = x daga 0 zuwa 1, a riƙa zaɓen tsakiyar kowane ziri: jimlar 1/2 ce tun daga yanka na farko, kuma 1/2 ɗin ita ce antegiral. Ma'anar ba ta hana kai wa ba, ba ta kuma wajabta shi ba. Haka nan inda layin zanen ya nitse ƙarƙashin layin kwance, f(c) ya gaza sifiri, sai filin wannan wuri ya shiga jimla da alamar ragi. Shi ya sa antegiral ɗin f(x) = x daga −1 zuwa 1 sifiri ce, ko da yake ido na ganin fili biyu.

Daga Sirakusa zuwa Gotingen

Dabarar matse fili tsakanin abin da ya fi shi da abin da ya gaza shi tsohuwa ce ƙwarai. Arkimidis, mutumin Sirakusa a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a 212 kafin Miladiyya, ya nuna cewa yankin da miƙaƙƙen layi ya datse daga lanƙwasar nan ta x² ya kai 4/3 na babban fili mai kusurwa uku da ke cikinsa. Ya yi ta cusa ƙananan masu kusurwa uku a gurbin da ya rage, kowane zubi rubu'in wanda ya gabace shi, sa'an nan ya nuna cewa amsar ba ta iya fin 4/3, ba ta kuma iya gazawa. Ba ya da kalmar matuƙa, amma hujjarsa ba ta da ɓaraka.

Malaman da suka yi rubutu da Larabci sun ɗora a kan wannan aiki. Sabit bin Kurra, wanda ya zauna Bagadaza ya rasu a 901, ya sake fitar da girman wannan yanki ta wata hanya, inda ya yanka tazarar ziri-ziri marasa faɗi ɗaya, faɗinsu na bin 1, 3, 5, 7. Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya yi aikinsa a Alƙahira a farkon ƙarni na 11, ya fitar da ƙa'idar tara 1⁴ + 2⁴ + … + n⁴, domin yana neman girman abin da ke fitowa idan aka juya lanƙwasar a kan gindinta. Ya sami 8/15 na gangar da ta kewaye shi. Amma kowace matsala a wancan zamani tana bukatar tata dabarar, ba a kai ga hanya ɗaya mai ɗaukar duka ba.

Hanyar ta zo a ƙarni na 17, a hannun Niyuton a Ingila da Laibniz Bajamushe, kowane da nasa aikin. Alamar ∫ ta Laibniz ce, ta fara bayyana cikin wata takardarsa ta watan Oktoba 1675, kuma ba kome ba ce illa doguwar s, harafin farko na kalmar jimla a Latin. Ɗora a da b a jikinta kuwa Furiye ne ya yaɗa shi, cikin littafinsa na 1822 a kan yaɗuwar zafi. Abin mamaki, nasarar wannan hanya ita ce ta ture batun jimla gefe. An gano cewa idan akwai fonkisiyon F wadda saurin canjinta a kowane wuri shi ne f, wadda ake kira fonkisiyon ta asali, to girman filin shi ne F(b) − F(a). Ga x², ta asali ita ce x³/3, sai sulusin nan ya fito cikin layi ɗaya. Saboda sauƙin wannan, masana da yawa na ƙarni na 18 suka ɗauki antegiral a matsayin juya aikin neman saurin canji kawai.

Koshi ne ya mai da jimla mazauninta, cikin darussansa na makarantar Politeknik ta birnin Pari da aka buga a 1823. Ya bayyana antegiral da matuƙar jimloli, ya kawo hujjar cewa kowace fonkisiyon marar tsinkewa tana da ita, sa'an nan ya fitar da ƙa'idar F(b) − F(a) daga wannan ma'ana. Hujjar tasa ta jingina ga wani abu da bai bambance ba, watau cewa faɗi ɗaya na iya isa ga tazarar gaba ɗaya. Haine ya buga hujjar wannan a 1872. Riman kuwa, cikin takardar da ya gabatar wa jami'ar Gotingen a 1854, ya saki sharaɗin rashin tsinkewa, ya bar zaɓen wuri cikin ziri a buɗe, ya kuma tambayi waɗanne fonkisiyon ne ke cika sharaɗin. Ba a buga takardar ba sai a 1868, shekara biyu bayan rasuwarsa, kuma sunansa ne jimlolin S ke ɗauke da shi har yau. Darbu, a 1875, ya tsara ma'anar da jimlar bisa da ta ƙasa, kamar yadda aka yi a misalin x², kuma hanyoyin biyu amsa ɗaya suke bayarwa.

Dalilin fara koyarwa da jimla

Ana iya tambaya, tun da F(b) − F(a) ta fi sauri, me ya sa za a wahalar da ɗalibi da ziri. Amsa ta farko ita ce, ita kanta ƙa'idar daga jimla take fitowa. A rubuta F(b) − F(a) a matsayin tarin ƙananan bambance-bambance, F(x₁) − F(x₀), da F(x₂) − F(x₁), har zuwa na ƙarshe. Na tsakiya duk suna share juna, sai na farko da na ƙarshe su rage. Kowane bambanci kuma daidai yake da faɗin zirin a ninka da saurin canji a wani wuri cikin zirin, kamar yadda motar da ta yi kilomita 60 cikin awa guda lalle akwai lokacin da gudunta ya kasance 60 daidai. Ke nan ga kowane yanka akwai jimla S guda wadda ta yi daidai da F(b) − F(a). Idan jimlolin duka suna da matuƙa ɗaya, ba ta iya zama wani adadi dabam.

Amsa ta biyu ta fi nauyi a wajen aiki. Sau da yawa fonkisiyon ta asali ba ta rubutuwa da alamomin da aka saba. Lanƙwasar nan mai siffar ƙararrawa, wadda duk mai nazarin sakamakon jarrabawa ko na ƙidaya ke amfani da jadawalinta, daga e^(−x²) take, kuma tun shekarun 1830 aikin Liyubil ya buɗe hanyar tabbatar da cewa irin wannan ba ta da ta asali mai rubutuwa haka. Duk da haka antegiral ɗinta daga 0 zuwa 1 adadi ne sananne, kimanin 0,7468, kuma ana samunsa da tara ziri. Wani lokaci ma babu rubutacciyar ƙa'ida ko kaɗan, sai awo. Masu lura da kogin Kwara a Yamai suna auna yawan ruwan da ke wucewa cikin daƙiƙa guda, awon kuma yana hawa da sauka bisa ga lokacin shekara. Yawan ruwan da ya wuce a shekara shi ne a ninka awon kowace rana da daƙiƙa 86.400 na yinin da darensa, a tara. Wannan jimlar Riman ce, zirinta kwana guda, layin kwancenta lokaci. Wanda ya san antegiral da F(b) − F(a) kaɗai, ba zai gane ta a nan ba.

Ma'anar Riman tana da inda ta tsaya, kamar yadda misalin Dirishile ya nuna. A 1902 Lebeg, a Faransa, ya kawo wata ma'ana mai faɗi, inda ake yanka ta wajen tsayi: a tara wuraren da f ke ba da kusan adadi ɗaya, a auna yawansu, a ninka, sa'an nan a haɗa. Kamar mai ƙirga cinikin yini ne, wanda zai iya tara kuɗin bi da bi yadda suka shigo, ko kuwa ya ware ƴan dala gefe, ƴan dala biyar gefe, ya ƙirga kowane kashi. Da wannan hanya fonkisiyon ɗin Dirishile ta sami antegiral, ita ce 0, domin adadin da ke rubutuwa cikakke bisa cikakke ana iya jera su ɗaya bayan ɗaya, a rufe su duka da ƙananan tazarori waɗanda jimlar faɗinsu ba ta kai kowane ƙanƙanen adadin da aka ambata ba. Duk inda ma'anar Riman ta ba da amsa a tsakanin iyaka biyu, ta Lebeg ma ita take bayarwa. Ga x² daga 0 zuwa 1, sulusi ne.